Daga Toronto zuwa ƙauyen Mayo: yadda ɗan Kanada yake rayuwa a karkarar Ailan

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku ɗan ɗauko taswirar duniya ku kalla tukuna kafin mu shiga magana. Wannan babbar ƙasar da ta cinye saman Amurka ta arewa ita ce Kanada, faɗinta ya kusa murabba'in kilomita miliyan 10, mutanenta kuma sun haura miliyan 40. Wannan ɗan tsibirin kuma da ke yamma da Ingila shi ne Ailan, jamhuriyar tasu murabba'in kilomita wajen dubu 70 ce kawai, kuma a ƙidayar 2022 mutum miliyan 5 da 'yan kai aka samu. To yau maganarmu a kan mutumin da ya bar waccan ƙatuwar ya dawo wannan 'yar ƙaramar, kuma ba Dablin babban birni ya sauka ba, a'a, can cikin ƙauye ya tare, yammacin ƙasar, yankuna irin su Mayo da Galway da Clare, inda tumaki suka fi mutane cika hanya.

Za ku ce me zai kai shi? Ai tarihi ne ya fara kai kakanninsa can, shi yanzu dawowa yake. Dankalin Turawan nan da muke ce wa arish a kasuwa, sunan Ailan ne a jikinsa, kuma shi ne abincin talakan ƙasar a da. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, ya dinga ruɓewa tun yana cikin ƙasa, aka shiga wata muguwar yunwa ta shekaru, mutum wajen miliyan 1 suka mutu, wasu wajen miliyan 1 suka tsere a jiragen ruwa. A 1847 kaɗai 'yan Ailan kusan dubu 38 suka sauka a Toronto, alhali garin gaba ɗaya lokacin mutum wajen dubu 20 ne. A wani tsibiri mai suna Grosse Île kusa da Kebek, inda ake killace masu shigowa, an binne sama da mutum 5,000. Shi ya sa yau 'yan Kanada sama da miliyan 4 ke cewa suna da jinin Ailan. Kuma dokar Ailan ta ce in kakanka ko kakarka a tsibirin aka haife su, kana iya yin rajista ka zama ɗan ƙasa. Matasa masu shekara 18 zuwa 35 kuma akwai yarjejeniyar da ke ba su damar zuwa su yi aiki har shekara 2. Wasu aure ke kai su, wasu aiki, wasu ritaya, amma fa mai ritayar sai ya nuna yana da kuɗin shiga kusan yuro dubu 50 a shekara kafin a ba shi izinin zama, ba wasa ba ne.

To mu ɗauka mutumin namu ya sauka, ya samo gidan haya a wani ƙauye. Samun gidan ma kansa wani yaƙi ne domin Ailan na cikin matsalar ƙarancin gidaje sosai, har ƙauyukan bakin teku ba su tsira ba, gidaje da yawa na masu zuwa hutu ne. Gwamnati na ba da tallafin da ya kai yuro dubu 50 don gyara gidan da ya daɗe babu kowa, dubu 70 in kango ne, shi ya sa za ka ga baƙi suna sayen tsofaffin gidajen dutse suna gyarawa.

Abu na farko da zai kama shi, sanyi. Na san za ku yi mamaki, mutumin da ya fito daga ƙasar dusar ƙanƙara, wanda a Winnipeg ya saba da 30 ƙasa da sifiri, wane sanyi kuma? Ai nan abin yake. Hunturun Ailan da wuya ya sauka ƙasa da sifiri sosai, yawanci digiri 4 zuwa 7 ne, dusar ƙanƙara ma ba kullum ba. Amma sanyin Kanada busasshe ne, kana sa ƙatuwar jaket ka rabu da shi, kana shiga gida kuma ka cire ta ka zauna da 'yar shimi domin gidajensu an gina su ne don riƙe zafi, hita na aiki dare da rana. Na Ailan jiƙaƙƙe ne, sanyi mai laima, yana bin bango ya shigo, ya shiga katifa, ya shiga kayan sawa, ya shiga ƙashi. Tsohon gidan dutse kuwa ko da rana tsaka ciki ya fi waje sanyi wani lokacin. Sai ka ga fumfuna ta yi baƙi a kusurwar ɗaki, takalmin da ka ajiye a sif wata 2 ya fito da kore-kore, wanki ya kwana 3 bai bushe ba. A wasu wurare na yamma ana samun ruwan sama a ranaku sama da 200 a shekara, kuma ba irin ruwanmu na damina ba da zai zubo kamar da bakin ƙwarya ya ɗauke rana ta fito, a'a, yayyafi ne siriri, ya zo ya tafi ya dawo, wuni guda.

Ɗumama gidan kuma da kananzir ake yi a yawancin ƙauyuka. Akwai tankin roba a bayan gida, sai ka kira mota ta zo ta cika, in ka manta ya ƙare ranar Juma'a da dare to ka shiga uku har sai an samu mai kawowa. Ruwan zafi ma ba kamar Kanada ba da kana murɗa famfo ya zo, a tsofaffin gidaje akwai wani makunni da sai ka kunna ka jira ruwan ya yi zafi, kuma duk ɗan Ailan ya tashi da faɗan iyaye a kan kar a bar shi a kunne saboda kuɗin wuta. Sannan akwai abin da suke kira taf. Wata baƙar ƙasa ce ta fadama, ciyayi ne da suka ruɓe suka danne tsawon dubban shekaru, sai a yanko ta kamar tubali a jera a fili ta sha iska har ta bushe, a kwaso a dinga sawa a murhu. Ƙamshin hayaƙinta shi ne ƙamshin ƙauyen Ailan. Tun Oktoban 2022 an hana sayar da ita a shaguna saboda gurɓatar iska, amma mai haƙƙin yanka a fadamarsa yana yanka abinsa ya ƙona. Kuma wannan magana ce mai zafi a ƙauye, baƙon da ya zo yana wa tsoho wa'azin muhalli a kan taf tun bai san sunan maƙwabcinsa ba, to ya fara da ƙafar hagu. Ni a ganina gara ya fara zuwa ya taya su kwasa, ya ji yadda bayansa zai yi, sannan in zai yi magana a saurare shi.

Ga kuma duhu. Galway tana layi ɗaya da birnin Edmonton na Kanada a taswira, wato ta fi Toronto arewa nesa ba kusa ba. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen 9 saura, kafin 4 da rabi ta faɗi, hasken awa 7 da rabi ke nan, shi ma cikin gajimare, babu farin ƙanƙarar da ke haska gari a Kanada. Amma a Yuni sai a rama, 10 na dare da haske, yara na wasa a waje.

Mu koma hanya. Kanada dama ake bi, Ailan hagu, sitiyari a hannun dama, kuma motoci da yawa masu giya ne da kuloci, shi kuma otomatik ya sani. Lasinsa in daga lardi irin Ontario ko British Columbia yake ana iya musanya masa, in lardinsa babu yarjejeniya sai ya koma ɗan koyo daga farko, ga inshora mai tsada domin wasu kamfanoni kallon sabon direba suke masa ko da ya shekara 20 yana tuƙi. Hanyoyin ƙauyen kuma, Allah Sarki, akwai wasu da suke kira borin, faɗin mota ɗaya, ciyawa ta tsiro a tsakiya, katangar dutse ko shingen ƙaya hagu da dama, kwana a kan kwana ba ka ganin gabanka. In kuka yi kiciɓis da wata motar dole ɗaya ya ja da baya har bakin wata ƙofar gona. A Fabrairun 2025 aka rage gudu a irin waɗannan ƙananan hanyoyi daga kilomita 80 zuwa 60 a awa. Watan Mayu da Yuni lokacin yankan ciyawar dabbobi ne, manyan taraktoci ke cika hanya har dare, haƙuri kawai za ka yi ka bi bayansu. Kuma babu mota babu rayuwa, akwai ƙananan bas na karkara amma ba za ka dogara da su kai kullum ba.

Wani abu da nake so a hanyar nan, gaisuwa. Duk motar da ka wuce, direban zai ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, ya san ka ko bai san ka ba. In ba ka mayar ba an lura, kuma za a faɗa.

Adireshi ma labari ne. Gidajen ƙauye ba su da lamba, titin ma sau da yawa ba suna, sai sunan mutum da sunan yankin gonakin, kuma yanki ɗaya ana iya samun gida 5 masu sunan dangi iri ɗaya. Mai raba wasiƙu shi ya san kowa da kansa. Sai a 2015 aka kawo Eircode, lamba mai haruffa da alƙaluma 7, kowane gida da tasa, yanzu da ita motar asibiti da masu kawo saƙo ke gane gida. Amma har gobe in ka tambayi hanya, da sunan mutane za a kwatanta maka, wuce gidan wane, ka bi ta gefen tsohuwar makaranta, makarantar da wataƙila an rufe ta tun kafin a haife ka. Gidan da ka saya ma sunan masu shi na da za a ci gaba da kiransa da shi.

Sauran ƙananan abubuwa da sauri. Kuɗi yuro ne, kuma farashin da ka gani a jikin kaya shi za ka biya, ba kamar Kanada ba da sai a wajen biya ake ɗora haraji. Ƙarfin wutar lantarkinsu volt 230 ne, ta Kanada 120, in ya jona na'urar da ya zo da ita ba tare da lura ba sai ta ƙone. In zai yi aiki sai ya nemi lambar PPS, wato lambar da gwamnati ke ba mutum don haraji da sauran harkokinta. In yana da talabijin akwai lasin yuro 160 a shekara. Shara kamfani ake biya ya kwashe. Ruwa wasu rijiyar burtsatse gare su, wasu kuma na haɗin gwiwar ƙauye, ban-ɗaki sokawe ne a bayan gida kai ke kula da abinka. Wanda ya fi ba ɗan Kanada mamaki shi ne likita, a can ba ka ciro ko kwabo in ka je ganin likitan iyali, a Ailan in ba ka da katin gwamnati za ka biya wajen yuro 50 zuwa 70 duk zuwa ɗaya, sai yara 'yan ƙasa da 8 da tsofaffi masu 70 zuwa sama su ne kyauta. Intanet kuma ta gyaru sosai tun da aka sa hannu kan shirin kai waya mai sauri karkara a 2019, shi ya sa mutum zai iya zama a Mayo yana aiki ta kwamfuta, sai dai Toronto na bayansa da awa 5, Vancouver da awa 8, in zai kira mahaifiyarsa sai ya yi lissafi.

Yanzu mu zo inda maganar take, wato mutane. Shi yana ganin tunda Turanci ɗaya ne ai ba matsala, sai ya tarar Turancin dattijon manomi a karar shanu daban ne, sauri kamar ana kirarin farauta, rabin maganar bai kama ba. Da ya buɗe baki kuma za a ce ɗan Amurka ne, sai ya yi ta gyarawa, Kanada ce, Kanada ce, kuma da ya faɗa za a ce ai ina da ɗa a Vancouver ko 'ya a Toronto, domin matasan Ailan da yawa can suka tafi neman aiki musamman bayan karyewar tattalin arziki ta 2008. Tambayoyi kuwa ba iyaka, daga ina kake, su waye danginka, gidan wa ka kama, me kake yi. Ɗan birnin Kanada da ya shekara 10 a bene bai san sunan na kusa da ɗakinsa ba zai ji kamar ana masa bincike. Ba bincike ba ne, so ake a san inda za a ajiye shi. Mu wannan ba baƙon abu ba ne, ɗan gidan waye ita ce tambayar farko a ƙauyukanmu ma.

Suna da wani suna da suke kiran baƙo, blow-in, wato wanda iska ta kwaso ta jefo. Kuma ba ɗan ƙasar waje kaɗai ba, wanda ya zo daga gari na gaba ya yi shekara 30 ma haka ake ce masa. Wannan yana yi wa wasu ciwo, gaskiya, kuma kaɗaici a shekarar farko abu ne na gaske. Mutanen akwai fara'a da hira da barkwanci, za a tsaya da kai a shago minti 20 ana maganar yanayi, amma daga hira zuwa a gayyace ka cikin gida akwai tafiya, domin su abokansu tun firamare suke tare, 'yan uwa kuma sun kewaye su, ba su da giɓin da suke neman cikewa. Shi ke da giɓin. Sai in an shigar da kai gida, to shayi dole ne, baƙin shayi da madara, kuma gida-gida an rabu tsakanin masu shan ganyen kamfanin Barry's da masu shan na Lyons. Za a ce ka sha, ka ce a'a na gode, a sake, ka sake, a na uku ka karɓa. Kawaici ne irin namu sak. Ɗan Kanada kuma in ya yi wa baƙonsa tayi sau ɗaya aka ce a'a sai ya ɗauka da gaske ne ya zauna, baƙon ya tafi da ƙishirwa yana mamakin rowar mutumin.

To ta ina ake shiga? Ƙofa ta farko wasa. Akwai ƙungiyar GAA da aka kafa a garin Thurles a 1884, kusan kowace gunduma tana da kulob, suna buga ƙwallon ƙafa irin tasu da ake haɗawa da hannu, da kuma halin, wasan sanda da 'yar ƙaramar ƙwallo, mutum 15 kowane ɓangare. Ba a biyan 'yan wasa albashi, wanda ya buga gaban mutum dubu 82 a filin Croke Park ranar Lahadi, ran Litinin malamin makaranta ne ko manomi. Kuma ƙauyen da ka tashi shi kake bugawa. Ɗan Kanada da ya tashi da wasan hoki na kan ƙanƙara yakan gane wannan da wuri, in yana da yara ya kai su fili, ya tsaya cikin yayyafi da sauran iyaye, wata rana a ce ya taya da tara kuɗi ko wankin rigunan wasa, shi ke nan ya fara zama mutum. Akwai kuma gasar tsaftar gari da ake yi tun 1958, masu share titi da shuka furanni kullum suna neman hannu.

Ƙofa ta biyu, kuma ita ce babba, mutuwa. A Kanada jana'iza yawanci ta dangi ce da makusanta, ana iya jinkirta ta mako guda ko fiye. A ƙauyen Ailan kuwa cikin kwana 2 zuwa 3 an gama, rediyon yankin na karanto sunayen mamata kullum, akwai shafin RIP.ie da mutane ke dubawa kamar labarai. Sau da yawa gawar a gida take kwana, maƙwabta su shigo da burodi da kek da kujeru, wasu su tsaya bakin hanya suna shirya motoci a gonar wani, a wasu ƙauyukan yamma har yanzu maƙwabta ne ke haƙa kabari da hannunsu. Layi ake yi mai tsawo, ka miƙa hannu ga iyalan ɗaya bayan ɗaya ka ce ka yi baƙin cikin abin da ya same su. Baƙo zai ce ai ban san mamacin ba, kar in yi kutse. Kuskure ne babba. Ka san ɗansa, ko kana sayen madara a shagon 'yarsa, to ka je. Ana riƙe wanda ya zo ana kuma riƙe wanda bai zo ba, shekara da shekaru. Bayan wata guda kuma a sake taruwa a coci a yi masa addu'a.

Suna da wata tsohuwar kalma a harshensu na Gelik, ana furta ta mehal, maƙwabta su haɗu su yi wa mutum ɗaya aikin gona yau, gobe a koma gonar wani. Gayya ke nan, ba ragi ba ƙari. Injina sun rage ta a gona amma ba ta mutu ba, kuma an gani a ranar 24 ga Janairun 2025 da guguwar Éowyn ta afka wa ƙasar. A Mace Head da ke Galway an auna iska mai gudun kilomita 184 a awa, mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a ƙasar, gidaje da gonaki da shaguna wajen dubu 768 suka rasa wuta, wasu a yamma suka haura mako 2 a duhu. In ba wuta famfon rijiya ba ya aiki, hitar kananzir ma ba ta tashi, wayar salula a wurare da yawa ta ɗauke. Manoma suka fito da zarton inji suna datse bishiyoyin da suka tare hanya, mai janareta yana zagayawa da shi gida-gida, ɗakunan taron ƙauye da kulob-kulob na GAA suka buɗe don a yi caji a yi wanka a sha shayi, masu tsohon murhun taf kuma su ne suka dafa wa layi abinci.

Shi kuma mutumin namu yana da nasa ranakun da babu wanda ya sani a ƙauyen. 1 ga Yuli ranar Kanada, ranar aiki ce kawai a Ailan. Litinin ta biyu a Oktoba kuma ranar godiya ce a can gida, dangi na haɗuwa a ci talo-talo, shi yana nan nesa, tekun Atlantika a tsakani, jirgin awa 7 daga Dablin zuwa Toronto, ga tafiyar awa 3 a mota kafin ma ya kai Dablin ɗin. Talo-talo guda a Oktoba sai ya yi oda wajen mahaucin gari tun da wuri domin su sai Kirsimeti suke cinsa, mahaucin zai tambaye shi na meye, kafin yamma rabin ƙauye sun ji. Sai ya gasa, ya fito da kwalbar zumar bishiyar mapul da ya ɓoye tun zuwan ƙanwarsa, ya ƙwanƙwasa ƙofar dattijon da ya ara masa janareta da matar da ta nuna masa inda ake tsayawa a layin ta'aziyya, ya ce su zo cin abinci. Za su ce a'a kar ya wahalar da kansa. Sai ya sake faɗa, ya kuma sake.